Kuɗin Cire Kaushin Rana Kafin Ya Zama Sankarar Fata: Mai Inshora da Marar Inshora

A cikin cututtukan fata akwai wani rukuni na tsiro da tabo waɗanda ba su kai matsayin sankara ba amma sun kama hanyarta, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne abin da likitoci ke kira aktinik keratosis, wato kaushin da rana ke haifarwa a fata bayan ta shafe shekaru tana dukanta. Yakan fito ne a sassan jikin da tufafi ba sa rufewa, irin su goshi da sanƙo da kunnuwa da leɓen ƙasa da bayan hannu, a siffar ɗan tabo mai ɓawo wanda sau da yawa faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, kuma yatsa kan riga ido gano shi, domin idan aka shafa wurin sai a ji shi kamar samfefa. Musabbabinsa shi ne wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira altirabayolet, wanda ke ratsa saman fata ya lalata tsarin gadon da ke cikin ƙwayoyin halittarta, har su fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Sinadarin melanin, wanda shi ne ke ba fata launinta, yana tare mafi yawan wannan haske, shi ya sa kaushin rana ya zama ruwan dare a tsakanin Turawa masu farar fata, ya kuma yi ƙaranci ƙwarai a tsakanin baƙaƙen fata, in ban da wani rukuni guda na mutanen Afirka da lamarin ke yi wa tsanani ƙwarai.

Ƙiyasin da aka fi ambatawa a Amurka shi ne mutum miliyan 58 ke ɗauke da aƙalla tabo ɗaya, a Ostireliya kuwa ana samunsa a jikin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 40. Ba kowane tabo ne ke rikiɗewa ya zama sankara ba, hasali ma mafi yawansu ba sa rikiɗewa. Wani bincike da aka yi a jihar Biktoriya ta Ostireliya, aka buga a 1988, ya nuna cewa a cikin tabo 1,000 bai kai ɗaya ba wanda ke zama sankara a cikin shekara guda, yayin da wani da aka yi a kan tsofaffin sojojin Amurka, aka buga a 2009, ya samu kashi 0.6 cikin 100 a shekarar farko da kimanin kashi 2.6 bayan shekara huɗu, ya kuma lura cewa fiye da rabin tabunan sukan ɓace da kansu, ko da yake wasu kan dawo. Abin da ya sa duk da haka ake cire su shi ne, binciken biyu sun haɗu a kan cewa kusan kashi 60 cikin 100 ko fiye na sankarar fata nau'in sikwamos, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin saman fata kuma tana iya bazuwa zuwa kaluluwa da sauran sassan jiki, daga irin wannan tabo take farawa, kuma babu likitan da zai iya duban tabo goma a goshin mutum ya nuna wanda zai rikiɗe. Wanda ke da tabo talatin a kansa har tsawon shekara ashirin, lissafinsa ya sha bamban da na mai tabo ɗaya, haka ma wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan magungunan rage garkuwar jiki, wanda haɗarin wannan sankara a gare shi ya ninka na sauran mutane sau da dama.

Hanyar da aka fi bi wajen cire tabon ita ce daskarewa: likita kan fesa masa ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai maki 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, na 'yan daƙiƙoƙi, sai wurin ya yi bororo ko ɓawo ya faɗi cikin mako ɗaya zuwa uku. Idan tabunan sun yi yawa har sun mamaye yanki guda, sai a koma ga man shafawa da majiyyaci ke amfani da shi a gida, irin su fuluroyurasil, wanda asalinsa maganin sankara ne kuma ana shafa shi na makonni biyu zuwa huɗu yana sa fata ta yi ja ta yi zafi kafin ta warke, ko imikwimod mai zaburar da garkuwar jiki, ko daikulofinak, ko tirbanibulin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2020 wanda kwana biyar kawai ake shafawa. Akwai kuma maganin haske, inda ake shafa wani sinadari da ƙwayoyin da suka lalace ke zuƙa, sannan a haska wurin da fitila ta musamman su mutu. Tabon da ya yi kauri ko ya jawo zargi kuwa akan kankare shi ko a yanke shi a kai ɗakin gwaji.

Duk wanda ya dubi waɗannan hanyoyi zai ga cewa aikin kansa ba shi da tsada. Ruwan naitirojin yana da araha a ƙasashen da ke da masana'antu, aikin ba ya buƙatar ɗakin tiyata ko allurar barci, kuma fuluroyurasil tsohon magani ne da aka ƙirƙira tun 1957, wanda kowane kamfani ke iya haɗawa. Saboda haka idan aka ga mutum ɗaya ya biya abin da bai kai dala 20 ba, wani kuma ya biya ɗaruruwa a kan tabo iri ɗaya a gari ɗaya, ba a cikin ilimin likitanci za a nemi dalili ba, a cikin tsarin biyan kuɗi ne. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Amurka, inda farashin aiki guda ke sauyawa gwargwadon wanda zai biya.

A can kowane aikin likita yana da lambar da ake rubutawa a takardar neman biya. Lalata tabon farko yana da lamba 17000, kowane ƙarin tabo daga na 2 zuwa na 14 yana da lamba 17003, idan kuwa tabunan sun kai 15 ko fiye sai a yi musu kuɗi ɗaya a dunƙule da lamba 17004. Shirin Medicare, wato inshorar gwamnatin tarayya da aka kafa a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65, daga baya aka ƙara wasu masu naƙasa, yana wallafa abin da ya yarda a biya a kan kowace lamba, kuma ko da yake adadin na sauyawa daga yanki zuwa yanki da kuma shekara zuwa shekara, a 'yan shekarun nan ya tsaya a wajen dala 70 ga tabon farko, ƙasa da dala 10 ga kowane ƙari, da abin da bai kai dala 200 ba ga aikin dunƙule. Tsarin shi ne majiyyaci ya fara biyan wani kaso na farko daga aljihunsa a kowace shekara kafin inshora ta sa hannu, wanda ya kasance dala 240 a 2024 da dala 257 a 2025, daga nan Medicare ta ɗauki kashi 80 cikin 100 shi kuma ya ɗauki 20. Ke nan dattijon da aka daskare masa tabo biyar, wanda jimillar kuɗin aikinsa ke wajen dala 100, zai biya kimanin dala 20 idan ya riga ya cika kason farko, zai biya duka idan a farkon shekara ya je, ba zai biya kusan komai ba idan yana da ƙarin inshorar da ke cike giɓin Medicare. Kuɗin ganin likita, idan an yi masa wani duba na daban a ranar, yana zuwa ne a kan wannan.

Ba tun fil azal aka samu wannan sauƙi ba. A shekarun 1990 wasu daga cikin kamfanonin da ke gudanar da biyan kuɗin Medicare a yankuna, musamman a jihar Fulorida mai yawan rana da yawan tsofaffi, sun taƙaita biyan kuɗin cire kaushin rana sai idan ya cika wasu sharuɗɗa, bisa hujjar cewa mafi yawansa ba ya zama sankara. Likitocin fata suka yi ta jayayya da wannan mataki har zuwa 2001, lokacin da hukumar da ke kula da shirin ta yanke hukunci na ƙasa baki ɗaya cewa za a biya kuɗin cire shi ba tare da gindaya sharaɗi a kan siffar tabon ko yanayin majiyyacin ba. Tun daga nan adadin ya yi ta hauhawa: wani nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa tabunan da aka cire a ƙarƙashin Medicare sun tashi daga miliyan 29.7 a 2007 zuwa miliyan 35.6 a 2015, kuma a wannan shekara ta ƙarshe kuɗin da aka amince a biya ya haura dala miliyan 400, wato kusan kashi 15 cikin 100 na duk abin da shirin ya amince wa fannin likitancin fata, duk da cewa an rage farashin kowane aiki a tsakanin.

Wanda bai kai shekarun Medicare ba, inshorarsa yawanci ta wurin aiki take zuwa ko kuma ya saya da kansa, kuma a nan ne ake samun abin da ke ba mutane mamaki. Kamfanonin inshora masu zaman kansu suna ɗaukar cire kaushin rana a matsayin magani na dole, don haka yana cikin abin da suke biya, amma kason farkon da suke ɗora wa mai inshora ya ninka na Medicare sau da yawa. Ƙididdigar gidauniyar KFF ta nuna cewa a 2024 matsakaicinsa ga ma'aikaci shi kaɗai ya kai dala 1,787 a shekara. Ma'anar wannan ita ce, mutum mai ƙoshin lafiya wanda ba ya zuwa asibiti sai sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma yana biyan kuɗin inshorarsa kowane wata ba fashi, shi ne zai biya dukkan kuɗin daskarewar daga aljihunsa, domin kuɗin bai kai inda inshora za ta fara biya ba. Amfanin da ya samu kawai shi ne za a yi masa lissafi da farashin da kamfanin ya daidaita da asibitin, wanda galibi ya fi farashin da asibitin ya ƙayyade da kansa sauƙi, kuma abin da ya biya zai shiga lissafin kasonsa na shekara. Babbar kariyar da inshora ke bayarwa tana can gaba, a iyakar da doka ta sa wa abin da mutum zai kashe daga aljihunsa cikin shekara guda, wadda ta kasance dala 9,450 a 2024, kuma ba a kan ƙaramin tabo ake jin daɗinta ba, sai ranar da tabon ya zama sankara.

Akwai wasu kuɗaɗe da ke ɓuya a bayan babban lissafin. Idan likita ya yi shakkar tabo ya yanki samfurinsa, yankan yana da nasa kuɗin, sannan ɗakin gwajin da zai duba shi a madubin likita zai aiko da tasa takardar daban, wani lokaci ma ɗakin gwajin ba ya cikin jerin waɗanda kamfanin inshorar ya ƙulla yarjejeniya da su. Idan asibitin fatar mallakar wani babban asibiti ne, ana iya ƙara kuɗin amfani da gini a kan kuɗin likita. Idan kuma aka gano tsiron ba kaushin rana ba ne, wani abu ne marar haɗari irin seborik keratosis da ke fito wa tsofaffi, ko ɗan tsiron fata na wuya da hammata, to cire shi ya zama kwalliya a idon inshora, sai dai idan yana zubar da jini ko ya kumbura, kuma kwalliya majiyyaci ne ke biyanta gaba ɗaya. Hatta duba fatar jiki domin neman abin da bai bayyana ba ba ya cikin ayyukan rigakafin da dokar lafiya ta 2010 ta wajabta a yi kyauta, domin kwamitin ƙwararrun da ke tantance irin waɗannan ayyuka ya sake bayyanawa a 2023 cewa hujjojin da ake da su ba su isa a ce yana da amfani ga kowa da kowa ba.

Marar inshora, wanda irinsa suka kai kimanin mutum miliyan 26 a Amurka a 2023, yana fuskantar farashin da asibiti ya ga damar sawa. Ganin likitan fata a karon farko da daskare 'yan tabuna kan tashi daga dala ɗari da wani abu zuwa 'yan ɗaruruwa, maganin haske kan ci ɗaruruwa masu yawa a kowane zama, gwajin samfuri kuma ya ƙara nasa. Yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a cikinsu akwai leburorin gona da magina da masu rufin gidaje, wato waɗanda suka fi kowa shan rana, musamman a jihohi 10 da har zuwa 2024 ba su faɗaɗa shirin Medicaid na marasa galihu ba, ciki har da Teksas da Fulorida. Wata doka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022 ta ba wanda zai biya da kansa haƙƙin a rubuta masa ƙiyasin kuɗi tun kafin a taɓa shi, tare da damar ɗaukaka ƙorafi idan takardar ƙarshe ta zarce ƙiyasin da dala 400 ko fiye. Asibitoci da yawa kuma suna yin ragi ga mai biya nan take, tun da ya hutar da su wahalar bin kamfanin inshora, har takan kai wani lokaci farashin marar inshora ya yi daidai da na mai inshorar da bai cika kasonsa ba, ko ma ya gaza shi. Wannan ba ya nufin rashin inshora dabara ce. Yana nuna ne kawai cewa a kan ƙananan ayyuka tsarin bai ba mai inshora wani fifiko mai yawa ba, a kan manya kuwa marar inshora ba shi da madogara.

Labarin man shafawa ya fi kowanne nuna yadda farashi ke rabuwa da ainihin kuɗin haɗa magani. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya bi farashin magungunan fata a manyan kantunan magani na wani yanki a Fulorida, ya gano cewa kwalin Carac, wanda fuluroyurasil ne mai ƙarfin rabin kashi ɗaya, ya tashi daga kimanin dala 159 a 2009 zuwa kimanin dala 2,865 a 2015, alhali maganin da ke ciki bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne manufar kamfanin Valeant mai mallakarsa a lokacin. Wanda ba shi da sunan kamfani kuwa, mai ƙarfin kashi 5, ana samunsa a yau a kan wani ɗan kaso na wancan farashi, musamman ga wanda ya kwatanta kantuna. Kuma araharsa ba ta rage masa inganci ba. A wani gwaji da aka yi a asibitoci huɗu na ƙasar Holan a kan majiyyata 624, aka buga a 2019, an kwatanta hanyoyi huɗu, sai aka ga bayan wata 12 fuluroyurasil ya yi nasara a kan kashi 74.7 cikin 100, imikwimod a kan 53.9, maganin haske a kan 37.7, wani magani mai suna injenol kuma, wanda daga baya aka janye shi daga kasuwar Turai a 2020 saboda zargin yana ƙara haɗarin sankara, a kan 28.9. Mafi araha shi ne ya zo na ɗaya. Aibinsa shi ne yana sa fuska ta yi ja ta saɓule na wasu makonni, abin da ke sa wasu su daina shafawa tun ba su gama ba, kuma wannan ne ke buɗe kasuwa ga sababbin magunguna masu sauƙin amfani da tsadar gaske, waɗanda kamfanonin inshora kan ƙi biya sai an nuna musu cewa an gwada tsohon bai yi ba.

Ba za a fahimci ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba sai an aza su kusa da kuɗin jinkiri. Idan tabo ya zama sankara a fuska ko kunne, hanyar da aka fi so a Amurka ita ce tiyatar Mohs, inda ake yanke fata sala-sala ana duba kowace sala a madubin likita har sai an kai inda babu sauran cuta, kuma ita da gyaran wurin da ke biyo baya dubban daloli suke ci. Idan ta bazu kuwa sai a shiga batun cire kaluluwa da gashi da na'ura da allurai masu tsada. Ƙiyasin da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar suka fitar ya nuna cewa tsakanin 2007 da 2011 ana kashe kimanin dala biliyan 8.1 a shekara wajen maganin sankarar fata, wanda biliyan 4.8 daga ciki na nau'o'in da ba melanoma ba ne. Duk da haka adalci ne a faɗi cewa masana ba su haɗu a kan cewa kowane tabo sai an daskare shi ba. Tsarin da ke biyan likita a kan yawan tabunan da ya fesa yana iya ingiza shi ga fesa abin da da kansa zai ɓace, kuma ga tsohon da ya kusa shekara 90 da wasu cututtuka masu nauyi, sa ido kawai na iya zama mafi alheri. Hujja mafi ƙarfi tana wajen maganin yanki gaba ɗaya ga masu babban haɗari: a wani gwaji da aka yi a kan tsofaffin sojoji 932 waɗanda suka taɓa yin sankarar fata, aka buga a 2018, shafa fuluroyurasil zagaye ɗaya a fuska da kunnuwa ya rage sankarar sikwamos mai buƙatar tiyata da kashi 75 cikin 100 a shekarar farko, ko da yake kariyar ta dusashe bayan nan.

A Birtaniya tambayar inshora kusan ba ta tasowa, domin likitan unguwa ne ke duba tabon kyauta a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, majiyyaci a Ingila ya biya fam 9.90 na kowane magani tun daga 2024, in kuwa ya kai shekara 60 ko yana zaune a Sikotilan ko Wels ba ya biyan ko kwabo. Abin da yake biya a can shi ne jira idan sai ya ga ƙwararre. Jamus ta ɗauki wani mataki da ya cancanci a yi koyi da shi, domin tun daga Janairun 2015 ta sanya sankarar sikwamos da yawan kaushin rana cikin jerin cututtukan da aiki ke jawowa, ta yadda magini ko manomin da ya shafe shekaru a rana, inshorar haɗarin aiki wadda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba wa kuɗi ce ke ɗaukar nauyin jinyarsa.

Rukunin nan na mutanen Afirka da lamarin ya fi yi wa tsanani su ne masu lalurar zabiya, waɗanda ake haifa da fatar da ba ta iya samar da melanin sosai, kuma ana ƙiyasta cewa a ƙasashen kudu da Sahara ana samun ɗaya a cikin kowane mutum 5,000 zuwa 15,000. Abin da Bature ke fara gani a goshinsa bayan ya haura shekara 50, zabiya a Kano ko Maraɗi ko Garwa yana iya fara ganinsa tun yana makarantar firamare, domin fata marar kariya ce a ƙarƙashin ranar Sahel, kuma sau da yawa raunin gani da tsangwama kan fitar da yaron daga aji zuwa gona ko talla ko kiwo. Likitan fata Anezi Okoro, wanda ya yi nazari a kan zabiya 1,000 a Nijeriya ya buga a 1975, ya samu cewa lalacewar fata ta game kusan duk waɗanda suka girma, kuma ƙalilan ne daga cikin waɗanda ya duba suka haura shekara 30. Ga sauran jama'a masu baƙar fata, wurin da ya kamata a sa wa ido shi ne gyambon da ya ƙi warkewa da tsohon tabon ƙuna, domin a nan ne irin wannan sankara ta fi tsirowa a jikinsu.

A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyata yake fitowa, kuma duk da dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowa ta kuma tanadi asusun marasa galihu, mafi yawan jama'a ba su shiga ba tukuna. Ma'aikacin gwamnati da ke cikin shirin yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, jihohi irin su Kano suna da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, amma zabiyan ƙauye da wuya ya kasance ɗaya daga cikin waɗannan. Ko da yana da katin ma, katin ba ya kawo likitan fata kusa, domin ƙwararrun 'yan kaɗan ne kuma suna tattare a asibitocin koyarwa na manyan birane irin su Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ruwan naitirojin kuma abu ne da ke tsiyayewa ya koma iska ko a cikin tulunsa na musamman, don haka sai inda ake da hanyar sake cika shi a kai a kai ake iya ajiye shi. Ainihin kuɗin cire tabo a nan ya haɗa da kuɗin mota da masauki da kwanakin aikin da aka rasa, waɗanda babu inshorar da ke lissafa su. A 2007 gwamnatin tarayya ta amince da yi wa masu lalurar zabiya maganin sankarar fata kyauta a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, bayan fafutukar gidauniyar zabiya da Jake Epelle ya kafa, kuma shirin ya ceci rayuka, sai dai ƙungiyoyin masu lalurar sun sha kokawa a kan tsayawarsa saboda rashin sakin kuɗi. Babbar matsalarsa ita ce ya fi karkata ga ƙarshen hanya, inda ciwon ya riga ya ci fuska ko wuya kuma kowane majiyyaci ke buƙatar kuɗi masu yawa, alhali abin da ake kashewa a kan tiyata da gashin mutum guda zai isa a daskare tabunan mutane da dama. A Gana ma, inda aka kafa inshorar ƙasa tun 2003, jerin abin da take biya ya daɗe yana ware yawancin nau'o'in sankara, in ban da ta mama da ta bakin mahaifa da wasu na yara da aka ƙara daga baya.

An riga an gwada wata hanya a gabashin Afirka. Cibiyar horar da likitocin fata da ke Moshi a Tanzaniya ta daɗe tana kai asibitin tafi-da-gidanka yankunan karkara, tana kuma haɗa man kariya daga rana a cikin gida mai suna Kilisun, yayin da ƙungiyar Standing Voice ke gudanar da irin wannan aiki a Tanzaniya da Malawi, inda a kowane 'yan watanni ake tara masu lalurar a asibitin da ya fi kusa da su a duba fatarsu, a daskare tabunan da aka gani nan take, a ba su mai da malafa, a tura wanda ciwonsa ya yi nisa zuwa tiyata. Gidauniyar Pierre Fabre ta Faransa tana tallafa wa makamancin wannan a Mali da Togo. Amfanin man kariyar ba zato ba ne, domin wani gwaji da aka yi a garin Nambour na Ostireliya a shekarun 1990 ya nuna cewa shafa shi kullum ya rage yawan sankarar sikwamos da kimanin kashi 40 cikin 100. Fuluroyurasil na shafawa ya daɗe a cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, a watan Satumban 2025 kuma hukumar ta shigar da man kariya daga rana cikin jerin domin masu lalurar zabiya. Jerin shawara ce ga ƙasashe, ba doka ba. Sai ma'aikatar lafiya ta kowace ƙasa ta shigar da man cikin nata jerin, hukumar kwastam ta daina yi masa haraji irin na kayan kwalliya, hukumomin inshora na tarayya da na jihohi kuma su rubuta shi tare da daskare tabo cikin abin da suke biya a matakin farko, kafin ya isa kantin maganin asibitin ƙaramar hukuma.